Verna mai jan tirela

Verna Dreiling ba ta taɓa tuƙa jirgi ba, amma babu wanda ya kai ta daɗewa a kulob ɗinmu na masu jiragen sama marasa inji, nan yammacin Kansas. A gidan waya ta yi aiki, ba ta yi aure ba, kuma tun da matar ƙanenta Alvin ta rasu suke zaune gida ɗaya. Alvin ne matuƙin. Duk Asabar ta lokacin zafi wani jirgi mai inji zai ja nasa da igiya ya hau da shi sama ya sake shi, ya bi iska ya yi nisa. In iskar ta mutu masa, sai ya sauka a gonar da ya samu ya buga mata waya, ita kuma ta ɗaura doguwar tirela a bayan mota ta shiga hanyoyin ƙauye nemansa.

Sau da yawa kafin ta isa, mai gonar ya riga ya shigar da shi kicin, ta tarar an ja mata kujera, ga kofi ga soyayyiyar kaza. Su kwance fukafukan jirgin su zura a tirela, su kamo hanya tana yi masa tsiya, wai duk faɗin Kansas bai ga wurin sauka ba sai tsakiyar shanu. A gari an san ta da shiru, amma Alvin ya ce a hanyar dawowa ko rediyo ba ya samun fili.

Shekarar da ta ajiye aiki, Alvin ya sayar da tsohon jirginsa ya sayo mai ɗan inji a baya, wanda ke tashi da kansa, in iska ta ƙi kuma a kunna a dawo gida. Bai shawarce ta ba. Ya dai ce mata idonta ya fara rauni, ga gwiwa, gara ta huta.

Ta ci gaba da zuwa filin jiragen kulob da kujerarta, amma wayarta ta daina ƙara. Alvin kan sauka kan lokaci, ya tura jirginsa rumfa, su tafi gida ba hira.

A lokacin ta shiga dandalin intanet da matuƙa ke haɗuwa. Rikicin inji ya daɗe a can. Wasu na cewa mai inji maguɗi yake yi, wasu na cewa marasa inji tsofaffi ne masu neman mutuwa a gonar mutane. Da farko karatu kawai take yi. Sai wata safiya ta rubuta da cikakken sunanta cewa duk wanda ya sa inji ya manta akwai mutane a ƙasa. Wani daga Nevada ya tambaye ta awa nawa ta yi a sama. Wani ya ce ai direbar tirela ce kasuwarta ta mutu. Ta mayar musu, suka mayar mata, har abin ya zame mata aikin kullum, kuma bakinta ya yi kaifin da ba mu san ta da shi ba. Masu ƙin inji suka ɗauke ta tasu, sai dai su zancen gwaninta da jarunta suke yi, ba abin da ke damunta ba. Mu 'yan kulob muna gani, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Daga baya wani ya nuna wa Alvin abin da take rubutawa. Ya same ta a inuwar rumfa, ina kusa ina wanke jirgi.

"Verna, don ki huta fa na saye shi."

"Wa ya ce maka na gaji?"

Sai ya gaya mata abin da bai gaya wa kowa ba: a saukarsa ta ƙarshe da tsohon jirgin bai ga wayar lantarki ba sai da ya wuce ta ƙarƙashinta, kuma tun ranar yake tsoron gona. Ta ce me ya hana shi faɗa. Ya ce kunya.

Ba ta sake faɗa da kowa a dandalin ba. Ta rubuta lambar wayarta, ta ce duk wanda ya sauka a yammacin Kansas ya kira ta, mai inji ko marar inji. Kiran bai cika zuwa ba. Wani mutumin Oklahoma da ta je ɗaukowa, ta same shi a gonar wani kamfani, ba gida ba kicin, kuma har suka iso fili idonsa na kan wayarsa.

Bara likita ya hana Alvin tuƙi, 'yarsa ta zo ta tafi da shi Denver. Sun roƙi Verna ta bi su, ta ce ba ta iya babban birni ba. Ita kaɗai ce a gidan yanzu, kuma ta bar jan tirela saboda ido. Ranar Asabar ni nake biyawa in ɗauko ta, ta riƙe mana bakin fiffike kafin tashi don kada ya ja ƙasa, in kowa ya hau sama ta share ɗakin kulob ta dafa kofi. Da yamma nakan ce ta zo mu ci abinci a gidana, takan ce wani satin.