Tsohon Adireshin Baffa

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da wani abokin sana'ata mai barci a mota kamar an biya shi. Goronyo muka nufa wajen Baffa, ƙanen mahaifina, da saƙo biyu a hannuna. Na fili shi ne gyaran kwamfutarsa da ta daina tashi. Na ɓoye kuwa, yayana ne ya aiko ni in lallashi Baffa ya yarda a sayar da gidan kakanmu na Wurno, tunda shi kaɗai ya rage bai amince ba.

Mun ratsa ta Rabah don abokina ya gai da surukansa, aka cika mu da fura har na ji wa kujerar mota tsoro. Daga nan hanya ta fara yi mana tankaɗe. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani, ramukan ma ba su zauna a baya ba.

A Wurno na ce direba ya tsaya. Warin tafarnuwa ne ya fara tarbata, kamar kullum. Gidan yana nan, kwaɗo a ƙofa, rufin zaure ya zube ta gefe guda. A zauren nan Baffa yake ɗora ni kan cinya yana buga tafireta, lokacin yana akawu, kuma a nan na fara son na'ura. Na leƙa ta tsagar ƙofa, sai na ji kewa ta kama ni sosai, na koma mota.

Mun iso Goronyo da hantsi, buhunan albasa sun tare rabin titi. Baffa yana zaune gidan ɗansa shekara biyu ke nan, tun da aka ɗauko shi daga gidan Wurno. Ya rame, amma bakin yana nan. Kafin in zauna ya sanar da ni cewa tun ranar da na "gyara" masa kwamfuta take wahala, ga tarihin zuri'armu da yake bugawa a ciki. Gaskiya ya faɗa. Ni na sa mata sabuwar manhaja da na haɗa da kaina, don nuna gwaninta.

Ina aiki yana tambaya, dole na yi bayani. Na ce akwai wata tsohuwar manhaja da ke zaune cikin na'ura tun daga masana'anta, ita ke tada ta, ita ke riƙe agogo. Idan babbar manhaja ta karɓi ragama, zuciyarta da muke kira kanel takan sake wa ma'ajiyar na'ura lambobi, ta ba tsohuwar sababbin adireshi, sau ɗaya tak a kowane kunnawa. Ana so tsohuwar ta gyara duk abin da ta haddace. To ta Baffa sai ta karɓi sabon adireshi, amma ta riƙa komawa tsohon, ta tarar babu komai, sai komai ya tsaya cak. Maganin shi ne kanel ya bar tsofaffin adireshin a buɗe tare da sababbin, duk wanda ta bi ta isa.

Bayan azahar allo ya haska, rubutunsa ya fito cif. Baffa ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Wato ita kun bar mata tsohon wurinta, don kar ta ɓace. To ni mi nay yi muku da kunka ɗauko ni gaba ɗai?"

Ɗansa ya sunkuyar da kai. Daga baya ya gaya mini cewa sau uku ana tsintar Baffa a tasha bayan sallar asuba, yana neman motar Wurno.

Da zan tafi Baffa ya riƙe hannuna. "Yayanka bai ba ka wani saƙo ba?"

"Ya ce a gaishe ka, Baffa."

Ya yi murmushin wanda ya san komai, ya sa aka zuba mana albasa a but ɗin mota.

Mun shigo Sakkwato ana kiran magariba. Tafiyar ta koya mini cewa ba a raba tsoho da inda ya saba a ce an taimake shi, kuma na ji kunya da sai na'ura ta nuna mini. Yayana ya kira tun ban cire takalmi ba, yana tambayar ko Baffa ya yarda. Na ce ban tambaye shi ba, kuma yanzu mu biyu ne ba mu yarda ba. Ya yi ta faɗa, na bar shi ya gama, sannan na tambaye shi ko ya san maginin kirki a Wurno.