Angulun Tsamiyar Rumfarmu

A watan nan mahaifinmu, Ummaru Barunje, yake cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Mutanen Tambuwal da naman rumfarsa suke tuna shi. Ni kuwa da angulaye.

Kakanmu ne ya kafa rumfar a gindin wata tsamiya, ya kuma bar mana al'adar da ta sha ba ni kunya. Duk safiyar da aka yi yanka, kafin a kasa nama, sai Baba ya yanki ɗan hanji ya jefa bayan rumfa, ya tsaya yana kallon reshe. In angulaye sun sauko, a buɗe ciniki. In sun yi zugum, ranar ba nama. Sau biyu na ga sun ƙi sauka, sau biyun kuma aka binne saniya sukutum, Inna tana kuka a gida. Da na zama malamin makaranta, kaina ya kumbura, na ce masa camfi ne. Ko ɗagowa bai yi daga wasa wuƙarsa ba. Ya ce, "Ba ni saida ma mutane abin da angulu taƙ ƙi."

Yau rumfar ta zama ta bulo da kwano, har da firji, a hannun yayana Sani. Angulaye kuwa sun ɓace daga garin tun da daɗewa. Wasu sun ce guba ce, wasu sun ce masu neman kawunansu ne. Nakan tambayi kaina, da Baba zai dawo, da wa zai yi shawara? Yaya dai bai daina jefa hanjin ba, karnuka suna cin rabonsu.

Makon jiya ya samo wata saniya mai ƙiba a hanyar Kebbe, da arha mai ban tsoro, ya zuba jarinsa duka. Ina wurin da safe ya jefa hanjin. Muka ɗaga kai don sabo kawai, sai ga angulu ɗaya a reshen, ta farko cikin shekaru. Ta zuba mana ido. Ba ta motsa ba. Karnukan ma suka tsaya daga nesa.

Masu sayen nama sun cika gaban rumfa, Yaya ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam, ka gane ta?" Ni mai cewa camfi, ni na ruga na ɗauko diga.

Da muka gama binnewa, reshen ba komai. Na tambayi Hajiya mai tuwo, wadda ta fi kowa kusa da tsamiyar, ko ta ga tashin angulun. Ta dube ni ta ce, "Wace angulu, ɗana?"

Baba bai bar mana gona ba, wuƙaƙensa ma sun cinye. Abin da ya bari shi ne 'ya'ya biyu masu furfura da suka gwammace asara a kan su ciyar da gari abin da suke shakka. Allah Ya jiƙan ka, Baba. Jarin ya tafi, amma gobe ma Yaya zai jefa hanjin, kuma zan ɗaga kai.