Ɗaurin Lola Pacing

A farfajiyar cocinmu a Iloilo, ranar kasuwar shekara ta ƙungiyar taimakon masu ciwon gaɓoɓi, wata tsohuwa tana tsaye a teburin suman, shinkafar nan mai danƙo da ake naɗewa a ganyen ayaba. Ban san ta ba, na dai ji ana ce mata Lola Pacing, wato Kaka Pacing. Gajeriya ce, rigarta ta sha guga irin wadda sistocin coci suka koya mana. Da gani tana nan tun kasuwar tana tebur ɗaya a gindin mangwaro.

Hannunta na dama yana ƙarƙashin tsumma. Idonta yana kan rumfar marasa lafiya, domin duk wanda yatsunsa suka kanannaɗe, can ake mayar da shi, ya bar sayarwa.

Ga sabon shugaban ƙungiyar, Dokta Renato, yana bin tsofaffi yana kai hannunsu goshinsa don neman albarka.

"Lola, kawo hannu," in ji shi.

"Duk man kwakwa ne, ɗan nan. Ungo, ci ka ƙara tumbi."

Ta miƙa masa suman da hagu. Bai ko taɓa zaren ba, ganyen ya warware.

"Wa ya ɗaure wannan?"

Wata mata da ke tebur ɗaya da Lola Pacing ta yi caraf ta ce, "Ni ce, Dokta. Kullum zagina take yi a kan ɗaurina."

Ya yi dariya ya wuce. A hankali Lola Pacing ta tura sauran ganyen gaban matar, ta bar mata ɗaurin.