Tiyon Birkin Maigidana

Ban taɓa son mashin ɗin nan ba, kuma ban ɓoye masa ba. Maigidana da shi yake ɗaukar kifin banda daga bakin ruwa a Wara ya kawo wa 'yan kasuwa a Yelwa, kwali kan kwali har ba a ganin ƙeyarsa. Birkin gaban da mai yake aiki, man kuwa ta wani tiyon roba yake bi. Ran nan tiyon ya fashe masa a gangare, ya dawo gida da gwiwa a saɓule yana dariya, wai kifin ne ya fi jin ciwo. Ni ban ga abin dariya ba. Na ce ko ya gyara birkin nan, ko in tattara yarana in koma gidan Inna in jira labari a can.

Sai ga shi wata Juma'a da sabon tiyo, an saƙa masa rigar farin ƙarfe, yana ƙyalli kamar sabon murfin kwano. Ya ce wannan ba ya kumbura, ba ya fashewa.

"Ko cikin ruwa ya kwana, ba ya tsatsa," in ji shi.

Bayan la'asar ya turo mashin tsakar gida, ya shimfiɗa buhu, ya kwance tsohon tiyon, man ya tsiyaye cikin gwangwanin madara. Ya ɗaura sabon, ya ɗaure notinansa, ya ɗura man birki. Na ɗauka an gama, ashe saura fitar da iska, wannan kuwa aikin mutum biyu ne. Ɗaya zai riƙa matsa hannun birki a sama, ɗaya ya tsuguna a gindin taya da sifana yana buɗe wani ɗan noti yana rufewa. In na sama ya cika hannu kafin a rufe, iska ta koma ciki, an yi aikin banza.

"Uwargida, zo ki kama min," ya ce. "In na ce matsa, ki matsa. In na ce riƙe, ki riƙe. Kada ki ɗaga hannu sai kin ji daga bakina."

Na matsa, na riƙe. Na ji abin ya lotsa a hannuna, kumfa ta fito ta gindin notin. Sai na ji shiru. Hannuna ya soma sagewa, ga tukunya na jirana a murhu.

"Malam, in saki?"

Ya ɗago kai, fuska duk baƙin mai. "Ke, wanga aiki akwai haɗari. Makanikai cewa suke matsa, riƙe, saki. Ni in dubi matata in ce mata saki? In na maimaita sau uku wa za ya raba mu da limamin unguwa?"

Dariya ta ƙwace min har na cika hannu, iska ta koma, muka sake daga farko. Daga nan sai ya canza kalma. Matsa, riƙe, huta. Haka muka yi ta yi har birkin ya yi tauri, tuwona kuwa ya kama. Kalmar ta zauna mana a gida. In na ɗauko faɗa na ƙi ajiyewa, sai ya bari in kai ƙarshe ya ce, "To, huta." Ina jin haushi, ina murmushi.

Hankalina ya kwanta da hanya. Na daina tsayawa a zaure ina sauraron ƙarar inji. Duk tsorona a kan titi na tara shi, ruwa kuwa ko a raina ban kawo shi ba. A bakinsa aka haife mu, a cikinsa muka yi wanka muka girma.

Da damina ta yi nisa, aka ce kifi ya fi samuwa a tsallake. Ya ɗora mashin a jirgi kamar yadda kowa ke yi. Hadari ya taso musu a tsakiyar ruwa, jirgin ya kife. Masunta sun samo gawar maigidana washegari, aka yi masa sutura, ni dai ina zaune ana ta ce min in yi haƙuri ina cewa to.

Ina cikin takaba ragar wani masunci ta kamo mashin. Ƙanen maigidana ya kawo shi a baro ya jingina a inda muka yi aikin. Laka ta cika shi, tsatsa ta cinye sarƙa da tanki, kujerar ta ruɓe. Da mutane suka watse na ɗebo ruwa a buta na zuba a gaban. Tiyon ya fito fes, yana ƙyalli yadda ya zo ranar Juma'ar nan. Gaskiya ya faɗa min, kuma a lokacin sai na ji gaskiyar ta fi komai ciwo.

Ban san abin da ya kai hannuna ba. Na kama hannun birkin na matsa. Tauri, ko ɗigon iska babu. Aikinmu bai ɓaci ba. Na riƙe, ina kallon gindin tayar inda yake tsugunawa. Hannuna ya sage, aka kira magariba, ƙaramar 'yata ta zo ta ja min zane tana cewa Umma, wuta ta mutu. Ni kuwa ina tsaye ina riƙe, don ya ce kada in ɗaga hannu sai na ji daga bakinsa.