Malam Lawali da Badon Tafkinmu

Ina tankaɗe a tsakar gida da hantsi sai Baba ya shigo da kekensa, ko jingine shi bai yi ba ya ce wa Inna, "Malam Lawali ya cika." Inna ta yi salati. Ni kuwa na ci gaba da tankaɗen, domin ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Mun san an kai shi asibiti a Ƙaura, amma kowa na cewa ya samu sauƙi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ne ya koya mana kimiyya a aji biyar da aji shida. Ban taɓa ɗaga hannu a ajinsa ba, shi ma bai taɓa tilasta mini ba. Sai an tashi yake tsayawa a bakin ƙofa ya ce, "Saratu, mi kika gani yau a hanya?" In na ce ban ga komai ba, sai ya ce, "Ashe da ido rufe kika zo."

A bayan garinmu, ta hanyar Moriki, akwai tafki cike da bado da kainuwa. Tun ina ƙarama nake tono saiwar bado in kawo wa ƙannena, mu dafa mu ci. A gefen gabas kuma Kawu Mamman, ƙanen Inna, yana fasa tsofaffin baturan mota ya ciri dalma, ya wanke kayan aikinsa a bakin ruwa. Wata rana da Malam ya yi mini tambayarsa, na ce badon gefen Kawu ya zama ƙanana, ganyensa ya yi rawaya, saiwarsa ta yi baƙi. Ranar bai yi raha ba. Ya ce in kai shi.

Ya naɗe wando ya shiga laka har gwiwa, ya ciro bado daga gabas, ya ciro daga yamma, ya jera su a ƙasa yana dubawa. Ya ce, "Ruwa wucewa yake, laka ce ke riƙe abu. Abin da laka ta riƙe kuma, saiwa ke sha." Ya shanya saiwoyin, ya kai wa wani abokinsa da ke aikin gwaji a jami'a. Da ya dawo ya ce dalma ce a ciki, kuma ita tana taruwa ne a jikin yaro sannu a hankali, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Lokacin ba a daɗe da fara shari'a a jiharmu ba, kowa na son a ji ya san hukunci. Baba ya ba mu labarin yadda aka yi a ƙofar masallaci ranar da Malam ya kai maganar. Kawu ya ɗebo ruwan tafkin a kwano ya ajiye gaban Liman ya ce, "Allah shi gafarta Malam, duba. Launi bai sake ba, ɗanɗano bai sake ba, babu wari. Ba haka littafi ya ce ba? Ruwan ga mai tsarki ne. Ko boko ya zo da sabon hukunci?" Mutane suka yi dariya, wasu suka ce gaskiya ne.

Malam Lawali ya bari suka gama, sannan ya ce, "Ni ma da shi nike alwala, Mamman. Ban ce babu tsarki ba. Tsarki daban, lafiya daban. Cewa na yi kada yara su ci badon." Ya kwance ƙunshin saiwoyin, na gabas da na yamma, ya miƙa wa Liman. Liman ya juya su a hannu. Bayan sallar Juma'a ya sanar cewa an daina cin badon tafki, an daina wanke batir a bakinsa.

Kawu ya daina gaishe da Malam, har kusan wata damina. Malam kuwa kullum sai ya tsaya ya yi masa sannu da aiki. Shi ne ma ya je wajen mai gari ya samo masa wuri a kan tudu, nesa da ruwa. Bai taɓa faɗa wa kowa cewa daga bakina maganar ta fito ba, don kada a ce na tona asirin ƙanen uwata. Amma ranar da muka gama firamare ya ce da ni a hankali, "Ke kin iya gani. Kada ki bari."

Ranar jana'iza Baba ya ce Kawu ne ya fara shiga kabari ya karɓe shi. Ƙannena biyu suna makaranta yanzu, lafiya lau, ƙaramin har ya fi ni baki a aji. Ina alfahari da cewa ni ɗalibar Malam Lawali ce.

Ya Allah ka jiƙan bawanka, ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya masa 'ya'yansa uku cikin lafiya da ilimi. Yadda ya tsare 'ya'yan mutane, ya Allah ka tsare masa nasa. Amin.