Na Bar Alkama, Ita Ba Ta Bar Ni Ba

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da tsofaffin ɗalibaina. Wata goma sha ɗaya ke nan ban rubuta ko harafi a wannan shafi ba. Waɗanda na saba gyara wa ƙa'idar rubutu a ƙarƙashin sharhinsu sun sami hutu. Ina sanar da su cewa hutun ya ƙare.

Jinya na yi.

Abin ya soma ne da kumburin ciki bayan karin kumallo. Tun ina sufeton makarantu nake karyawa da shayi da burodi yanka biyu, ƙarfe bakwai daidai. Daga kumburi sai gudawa, sai kasala, sai rama, har agogona ya riƙa zamewa zuwa tafin hannu.

An yi mini maganin taifot sau biyu, an yi na gyambon ciki. Na kwana shida a asibiti a nan Azare, aka ƙara mini jini leda biyu. Na kasa zama a gado. Sai in ja ƙarfen ƙarin ruwa in yi ta kai-da-kawowa a baranda, domin ciwon daji ne ya ɗauke yayana, shi ma kuwa da rama ya fara.

Aka tura ni Kano, aka zura mini tiyo mai kyamara ta maƙogwaro, aka tsinko ɗan nama daga hanjina. Saniyar da nake kiwo a Chinade ita ta biya wannan gwaji.

Bayan mako uku likita ya ce, "Baba, ba daji ba ne. Akwai wani sinadari a cikin alkama, gulutin, shi ne ke cin hanjinka. Babu ƙwayar da zan rubuta maka. Ka rabu da alkama har abada, ko da ɗan burbushi ne."

Na bar burodi, taliya, fanke, gurasa da alkaki. Na koma tuwon dawa da kunun gero. Amma shayi ba abin haɗawa azaba ne gare ni. Sai Maman Chidi, mai shagon kayan masarufi da ta daɗe a unguwarmu, ta sa aka riƙa kawo mini biskit na garin shinkafa daga Legas, a liƙe cikin leda, da hoton zangarniyar alkama da aka soke da layi. Tsadarsa ta sa guda biyu kacal nake ci a rana.

Na sami sauƙi wata biyu. Sannan, wajen ƙarshen rani, ciwon ya dawo sabo.

Na duba littafin da nake rubuta duk abin da na ci. Komai daga tukunyar gidana ya fito, ban da biskit. Na saka hula na nufi shago.

"Madam, wannan biskit jabu ne."

"Haba Alhaji! Kai da ka karanta ledar nan sau nawa a gabana, har kana gyara musu Turanci? Ka daina ci sati biyu. In ciwo ya tafi, ni da hannuna zan zubar da sauran."

Na daina. Ciwo bai tafi ba.

Nan hankalina ya tashi ƙwarai. Na bincika kwano, na bincika ludayi, na sa aka canja rariyar tankaɗe. Maiɗakina, Hajiya, ta ce, "Alhaji, don Allah ka zauna wuri ɗaya. Ka mai da mini ɗakin girki ajin da sufeto ya shiga."

Washegari na ce ni zan kai niƙa da kaina.

Hajiya ta ce, "Dattijo kamarka da kwanon dawa a layin mata?"

Na tafi. Na tarar Malam Buba mai inji yana shirin tayarwa. Na leƙa bakin injin, na shafa da yatsa, na ga gari ja-ja wanda ba na dawa ba.

"Malam Buba, wannan fa?"

"Alkama ce, Alhaji. Tun da aka girbe ta fadamar Jama'are, masu alkaki da funkaso sun hana ni sakat. Ita nake niƙawa ƙarshe da yamma."

"Ba ka wanke injin?"

Ya yi dariya. "Wa ke wanke inji? Ai niƙan da ya biyo baya shi ke share na gabansa. Naku kuwa kullum shi ne na farko da safe, don Hajiya ta ce ba ka yarda abincin rana ya wuce ƙarfe ɗaya."

Na tsaya riƙe da kwano. Dokar da na kafa a gidana ita ta mai da tuwona tsintsiyar injin Malam Buba.

Muka sayi ƙaramin inji na gida, wanda alkama ba ta taɓa shiga ba. Cikin mako biyar gudawa ta tsaya. Gwajin jinina na ƙarshe ya yi kyau, agogona kuma ya koma mazauninsa.

Ina godiya ga Allah, sannan ga likitoci da ma'aikatan jinya, da Hajiya wadda ta jure ciwon ta kuma jure mai ciwon.

Shawarata: idan rama da gudawa suka daɗe, kada a yi ta maimaita maganin taifot, a nemi cikakken bincike. Kada a bar alkama kafin gwaji, domin likita ya ce hakan na ɓoye cutar. A karanta jikin kowace leda. A tambayi mai tuyar masa ko ta sa fulawa. Kuma a bi hatsi tun daga buhu har zuwa tukunya.

Na koma shagon Maman Chidi, na ba ta haƙuri a gaban masu sayayya, kamar yadda na zarge ta a gabansu. Ta miƙo mini leda biyu ta ce, "Alhaji, karanta kafin ka biya."

Na karanta, har ƙasa.