Golar Bakin Ruwa

Ba don na iya kamun ƙwallo aka sa ni gola ba. Iyo na iya, shi ke nan.

A makarantarmu ta Yelwa fili ɗaya ne, kuma na maza ne. Ba wanda ya taɓa faɗin haka da baki, amma da an sallame la'asar sai ka ga sun cika shi: ƙungiyar makaranta, ƙungiyar unguwa, har 'yan acaba suna da tasu ranar. Mu mata abin da aka ajiye mana shi ne tseren ƙwai a cokali ranar wasannin shekara, a tafa mana, a ba mu sabulu, mu koma gida.

Muna ajin ƙarshe aka kawo mana sabuwar malamar wasanni, 'yar Shanga, gajera mai faɗin kafaɗa, wadda ta buga ƙwallo a kwalejin da ta yi. Ran da ta fara shiga ajinmu ta ciro wayarta ta nuna mana 'yan matan ƙasarmu suna ɗaga kofi, suna tsalle. Ta ce, "Ku duba da kyau. Ƙafa nawa gare su?" Muka ce biyu. Ta ce, "To ku taku guda nawa ce?" A makon nan muka haɗa ƙungiya. Malama ta je ta nemi a ba mu fili, aka ce ta yi haƙuri za a duba. Har muka rubuta jarrabawar fita ana dubawa.

Da ta gaji sai ta samo mana wuri da kanta. Idan bazara ta kawo kai ruwa yakan ja da baya ya bar ƙasa mai laushi a bakin gulbi, manoma su bi shi da albasa da shinkafa. A can ƙasa da gonakin akwai wani yanki shimfiɗaɗɗe da ba wanda ya noma. Ciyawarsa gajera ce, kore shar, a daidaice kamar wanzami ya bi ta da aska. Ranar farko da muka gan shi sai da kyaftin ɗinmu ta kwanta ta yi birgima a kai. Ita 'yar mahauci ce, doguwa, ƙafarta kamar taɓarya. Ta ce, "Wallahi ko na talabijin bai fi wannan ba. Maza su ci gaba da cin tsakuwarsu." Muka ce shanun Fulani ne suke yanke mana ciyawar, Allah ya saka musu. Ba wadda ta tsaya tambayar dalilin da ya sa manoma suka bar ƙasa mai kyau haka.

Muka kafa gora biyu a kowane gefe, muka gicciya ta uku a sama. Raga ɗaya ta ba gonaki baya, ɗaya ta ba ruwa baya. Daga nan matsalar ta fito. Ƙwallonmu ɗaya ce tak, ta Malama, kuma kyaftin ba ta san bugu a hankali ba. In ta saki ƙafa, ko dai ƙwallo ta shiga raga ko ta tafi gaida masunta, kuma gaida masuntan ya fi yawa. Yawancin 'yan ƙungiyar 'yan cikin gari ne, ruwa iyakarsu gwiwa. Ni kuwa duk hutu a wurin kakata nake yi, a wani ƙauye kusa da Wara, inda yaro ke koyon iyo kafin ya iya ɗaura zane. Sai Malama ta kafa doka: ko an yi hutun rabin lokaci an sauya gefe, golar bakin ruwa ba ta sauyawa. Kowa ya juya, ni ina nan. Na tsare wa waɗannan a zubin farko, na tsare wa abokan gabansu a na biyu. Ba ƙungiyar da ta taɓa jin daɗina, amma ba a taɓa rasa ƙwallo ba.

Kullum da jiƙaƙƙen wando nake komawa gida. Inna tana gaban murhun banda tana juya kifi, ta ɗago ta dube ni ta cikin hayaƙi.

"Ke ɗiyag ga, ƙwallo kuka yi ko wanki?"

"Gumi ne, Inna."

"Gumi da gansakuka a ka? Allah shi kyauta."

Ba ta hana ni ba. Sharaɗinta ɗaya ne, kada kiran magariba ya same ni a waje. Baba yana can wajen Ngaski yana su, sai ya yi makonni bai leƙo ba, in ya zo kuma ya ji zancen sai ya ce in dai Inna ta yarda shi ba ruwansa.

Abin ya fara girma ba mu ankara ba. Ƙannenmu na makaranta suka shigo, muka yi yawa har ana zaman jira a gefe. Aka ce 'yan matan Wara ma sun haɗa tasu, na Shanga suna shiri. Malama ta yi magana da takwararta ta Wara, aka tsayar da cewa za su zo mu kara bayan sallah. Tun da muka ji haka ba mai son a tashi daga atisaye. Malama ta busa usur, mu ce saura bugu ɗaya. Ta sake busawa, mu ce wannan ba a lissafa shi.

Ranar da abin ya faru haka muka ja ta har rana ta yi ja, ta sauka kan ruwa. Kyaftin ta samu ƙwallo ita kaɗai a gabana. Na ware hannu kamar na san abin da nake yi. Ta ɗaga ta sama da gora, sama da ni, ta wuce ciyawar burugu da ke bakin ruwa ta faɗa can ciki. Aka sa dariya.

"Gola, motarki ta iso!"

"Ki gaida mana kifi!"

Na cire hijabi na rataye a gora, na bi wata 'yar hanya da ta ratsa burugun. Kullum ta nan nake shiga, don a tattake take, da faɗi, ba abin da ke kama ƙafa. Na faɗa ruwa na yi iyo. Ruwan da ɗumi, ina ma jin daɗinsa. Ƙwallon tana lilo kusa da wani baƙin dutse mai sulɓi. Na miƙa hannu na jawo ta, na ce bari in dafa dutsen in huta kafin in juya.

Sai dutsen ya kaɗa kunne.

Ƙananan kunnuwa ne, ba su fi na akuya ba, suka yi fir-fir suka watsa ruwa. A lokacin na tuna babu dutse a wurin nan. Na shiga ruwan nan sau ba adadi, babu dutse. Idanu biyu suka taso, sannan hanci, ta yi wani huci da ya feso mini ruwa a fuska, da wari irin na ruɓaɓɓiyar ciyawa. Dorina ce. Na sha ganinsu daga cikin jirgin kakana, daga nesa, yana nuna mana da filafili yana canza hanya. Ban taɓa sanin fatarsu tana da tsage-tsage kamar busasshiyar laka ba sai ranar.

A bakin ruwa ba su ga komai ba saboda burugu. Ina jin su suna ta ihu, "Jeho mana! Ke gola, wanka kika tsaya yi?" Ƙafafuna ne suka yi wa kansu dabara, suka fara tura ni baya a hankali, ina fuskantarta. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai san bayana ya taɓa ciyawa, sai ta ɗaga kai ta wangale baki. Ban ga komai ba sai ja da haure.

Wannan kam kowa ya gani. Filin ya watse. An ce kyaftin, da duk tsawonta, ita ta fara isa gonar albasa, ta tsallake kunya uku a tashi ɗaya. Malama ce kaɗai ta yo gaba. Ita da ba ta iya ruwa ba ta shigo har ƙirji, ta damƙi wuyan rigata ta ja ni kamar buhu, tana salati da ƙarfi. Dorinar ba ta biyo mu ba. Ta nutse, ruwan ya rufe, kamar ba a yi ba. Sai da muka kai gonaki aka lura ƙwallon tana hammatata. Da ƙyar aka ɓamɓare ta, hannuna ya ƙi buɗewa.

Yanzu in ana ba da labarin dariya ake yi, ni ma ina yi. Amma har yau in saniya ta yi huci a bayana sai na tsinci kaina a tsaye. Na daina raka Inna bakin ruwa sayen kifi. Ko wannan da nake rubutawa, da na zo wurin kunnuwan sai da na tashi na zaga tsakar gida.

Ba a iya ɓoye wa Inna ba, don kafin in isa gida labari ya riga ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta shafa ni tun daga kai har ƙafa tana ƙirga gaɓoɓina, ta ba ni kunu, ta zauna kusa da ni. Da safe ta ce in kai ta ta ga wurin. Na tsaya daga gonaki na nuna mata da hannu. Ta sauka ita kaɗai, ta duƙa ta shafi ciyawar, ta bi 'yar hanyar nan tawa da ido har ruwa. Ta dawo tana riƙe da haɓa.

"Wa ya ce maku shanu ka yin irin wanga aski? Hilin ga ai akushin dorina na. Nan taka hitowa ta yi kiwo in dare ya yi. Hanyar da kika bi kullum, ita ta tattake ta. Watanni kuna rawa cikin tuwonta!"

Ranar aka rufe zancen ƙwallo a gidanmu, da gidan kyaftin, da kusan kowane gida. Malama ta bi gida-gida tana ba da haƙuri, idonta ya kumbura. Ta ce za ta aika Wara a ce an fasa. Ni kaina na rasa abin da nake so. In na tuna ruwan sai in ce Alhamdulillahi an huta. In la'asar ta yi kuma sai in rasa inda zan sa kaina, in zauna ina buga murfin tukunya da ƙafa har Inna ta ce in tashi mata daga gani.

Da Malama ta zo gidanmu, Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta bari ta gama ba da haƙurinta, sannan ta ce, "Malama, ni abu guda ban gane ba. Mi ya kai ku can tun farko? Makarantar ba ta da hili?"

Malama ta ce akwai, amma maza ke wasa a ciki, ta nema an ce za a duba.

"Tun yaushe?"

"Tun suna aji shida, Inna."

Inna ta ce, "Uhm."

Washegari da la'asar ta yafa mayafi, ta bi ta kan ƙawayenta masu banda, yawancinsu iyayen 'yan ƙungiyar. Muka bi su daga nesa don mu ga ikon Allah. Suka shiga filin makaranta da tabarminsu, suna ƙamshin hayaƙi, suka shimfiɗa a daidai tsakiya inda ake ɗora ƙwallo, suka zauna. Wata ma ta zo da gyaɗa tana ɓarewa. Samarin suka taru da takalmansu suna kallon juna. Babbansu ya matso ya rusuna.

"Inna, sannunku da hutawa. Wasa za mu yi."

"Sannu ɗana. Ku tahi bakin gulbi, akwai hili mai kyau can, ciyawa kamar katihwa. Ƙannenku mata sun bar maku shi."

"Haba Inna, ai an ce akwai dorina."

"Af, ashe kun ji."

Sai da aka kira shugaban makarantar daga gida. Ya zo yana gyara hula, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya ce ai maganar tana gabansa, ana dubawa. Inna ta ce to su ma sun zo taya shi dubawa ne, ba sa sauri. Aka daɗe ana ja. Yamma dai ba a ba mu ba, aka ce ƙungiyoyin maza sun riga sun raba ta. Abin da aka ba mu shi ne tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ko akuya inuwa take nema. Inna ta so ta ƙi, Malama ta riƙe mata hannu ta ce mun karɓa. A hanyar gida Inna ta yi ta mita, daga baya ta ce, "To, rana dai ba ta da haure. Ku sha ruwa da yawa."

Haka muka koma. Filin tsakuwa ne, in ka faɗi sai ka bar fata a wurin, ƙasar kuma tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmin roba. Wasu ba su dawo ba, iyayensu sun ce an gama. Amma mun kai a raba gida biyu, kuma Malama ba ta aika saƙon fasawa Wara ba.

Ranar farko, ana kiran la'asar samarin suka fara taruwa a bakin fili. Malama ta duba su, ta duba mu, ta ce a ƙarasa wannan harin. Na zaci za su shigo su kore mu. Suka tsaya a bayan layi suna ɗaure takalma, suna jira. Kyaftin ta kwaso ƙwallo ta nufo ni, ni kuma na daskare a kan layi yadda na saba.

Wani daga cikinsu ya kasa haƙuri ya ɗaga murya. "Ke gola, fito mana ki rage mata hanya! Fito!"

Na fito. Ta ci ni duk da haka, ta tsakanin ƙafafu. Malama ta busa usur, muka kwashe hijabanmu da gorunan ruwa, muka ba su wuri.